Rijiyar da Aka Rufe a Ƙofar Kuyambana

Ranar Talata da safe Malam Dogara ya tarar da jan fenti a bangon sabon gidansa da ke Ƙofar Kuyambana. Alamar rusau ce. Hukuma ta ce rabin ginin a kan tsohuwar ganuwa yake. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa kafin ya iya gina shi.

Sufeto Zailani ne ya karɓi ƙarar zambar da Dogara ya kai. Ya duba takardar ciniki: "fili ɗaya", shaidu uku, babu awo.

"Malam, safiyo bai auna ba?"

"Lokacin ina aiki a Birnin Gwari. Ƙanina Muntasir ya ce ba sai an auna ba, tunda shi ne maƙwabcina. Tare muka saya."

Zailani ya fara da dillali Sagiru.

"Ranka ya daɗe, ina haɗa cinikin na tafi Umra. Ga fasfona. Bayan tafiyata aka kafa turakun iyaka."

Hatimin fasfo ya wanke shi. Sai Hajiya Batulu, wadda ta sayar.

"Ni zan sayar da ganuwa? Gonar babana ce na raba biyu daidai. Na Malam shi ne mai rijiya."

Babu rijiya a gidan Dogara.

Washegari Zailani ya zo da safiyo. Aka auna daga bakin titi. Gidan Muntasir ya zarce rabi da ƙafa arba'in. A ɗakin ajiyarsa Zailani ya ƙwanƙwasa daɓe, ya ji rami a ƙasa. Aka fasa simintin. Ga bakin rijiya.

"Kai ka kafa turakun," Zailani ya ce wa Muntasir. "Ka ci ƙafa arba'in, ka tura yayanka kan ganuwa don filinsa ya cika a ido. Ka rufe rijiyar domin ita kaɗai ce shaida. Shi ya sa ka hana awo."

Muntasir ya sunkuyar da kai. "Yaya, wallahi na ɗauka ba mai waiwayar ganuwar nan."

Dogara ya daɗe yana kallonsa.

"Sufeto, in aka ɗaure shi, za a bar mini gidan?"

"A'a, Malam."

"To na janye ƙarar. Mahaifiyarmu na raye, ba za ta ɗauka ba."

Ranar Asabar motar rusau ta iso. Dogara ya cire ƙofofi da tagogi da hannunsa, ya ɗora a amalanke. Mai turawa ya tambayi inda za a kai. Dogara ya tsaya yana kallon titi, bai san inda zai nufa ba.