Garin da Ake Kira Dutse

Haƙoran roba da aka yi wa Malam Bobboyi na unguwar Bako ba su zauna a bakinsa ba. Yana cin tuwon rana suka zame cikin maƙogwaro, kafin a samo mota ya cika.

Sufeto Jalo ya isa gidan bayan la'asar. Matar marigayin, Gogo Aishatu, ta miƙo masa haƙoran cikin ƙyalle ba ta dube shi ba.

"Tun ranar da aka sa masa suke rawa," in ji ta. "Na ce ya mayar, ya ce kunyar yaron yake ji."

"Wane yaro, Gogo?"

"Apollos. Na asibitin mishan, can Jimeta."

Ɗakin Apollos ɗan ƙuƙut ne, a bayan asibitin. Bisa kanta ga kwafin bakunan mutane jere, duk rawaya, babu mai magana. Jalo ya tuna ɗakinsa na bariki. Tunda aka mai da iyalinsa Maiduguri, nan ma haka shiru yake.

"Yaya ake aikin nan? Gajarta mini," ya ce wa Apollos.

"Yallaɓai, gari biyu ne. Farar filasta mai laushi ce, irin ta ɗorin karaya. Rawayan nan shi muke kira dutse. Da shi ake zuba kwafin baki, a kansa ake gina haƙora. In kwafin ya yi laushi, yana cinyewa ana cikin aiki, haƙoran su fito ba daidai ba."

"Na Malam Bobboyi da wanne ka zuba?"

"Da dutse."

Jalo ya sa aka ɗauko kwafin. Ya karce shi da farce, gari ya zubo. Ya karce wani tsohon kwafi da ke gefe, farcensa ne ya ji jiki. Ya buɗe gwangwanin garin dutsen ya shinshina.

"Dutsen Turawa kurkum ake sa masa? Wannan ai warin miya yake."

Apollos ya zauna dirshan a ƙasa.

"Na ji ya canja, Yallaɓai. Makulli a hannuna yake, in na faɗa ni za a ce. Sabon gwangwani kuma sai ruwan Binuwai ya cika jirgi ya hawo."

"Sai ka yi shiru, ka cusa wa tsoho a baki."

Aka rufe Apollos a caji ofis. Kowa ya ce magana ta ƙare. Jalo bai yarda ba. Mutumin da filasta ke gabansa kullum, in zai yi ha'inci, ba kayan miya zai nema ba.

Washegari ya tarar da wata dattijuwa tana sharar barandar asibitin. Edith sunanta. Gefen farcenta rawaya ne.

"Mama, kina shiga ɗakin haƙora?"

"Ni? Ni bai shiga. Waje kawai na share."

"To wa ke share ciki? Tas na gan shi."

Ta ci gaba da shara.

Ya tafi unguwar Dubeli, maƙwabtanta suka nuna masa ɗakinta. Ita kaɗai ce a ciki, suka ce, tunda ɗanta Ishaku ya shiga soja lokacin yaƙi bai dawo ba, ko gawa ba a kawo ba. An yi ruwa da safe. Daga bayan ɗakin wani siririn ruwa rawaya ke gangarowa zuwa kwata. Jalo ya bi shi.

Ya kai shi ga wani allo rawaya kamar faifai, wanda aka zuba da garin dutsen, an kafa a gindin gwanda. Ruwa ya cinye fuskarsa. An karta rubutu da ƙusa, amma harafi biyu kawai suka rage.

Yana tsaye ta dawo. Ta ajiye tsintsiyarta.

"Maman Ishaku, wa ya ba ki garin?"

"Ba wanda ya ba ni. Apollos yana bar mini makulli ranar Asabar. Na ji kullum yana cewa dutse, dutse. Na ce to, yarona bai da kabari, bari sunansa ya zauna kan dutse. Na kwashe, na cika masa da na ɗorin karaya, na sa kurkum don kala. Na ce duk gari ne."

"Mutum ya mutu, Mama."

"Na ji. Tun jiya ban ci abinci ba." Ta dubi allon. "Sufeto, kai ka sani. Wane irin dutse ne ruwa ke ci?"

"Suna ne kawai. Na cikin ɗaki ne, ba ya jure ruwan sama."

Ta gyaɗa kai, ta ja ƙofarta. Ta tsaya da makullin a hannu tana duban tsakar gidan, ba wanda za ta bar wa. Jalo ya karɓa ya sa a aljihu. Bai sa mata ankwa ba.

An sallami Apollos, aikinsa dai ya tafi. Edith ta shiga gidan yari tun damina ba ta raba ba. Da Jalo ya koma Dubeli don ya mai da wa mai gidan hayar makullin, ya leƙa gindin gwandar. Babu ko harafi ɗaya.