Baƙon da Ya Shiga Garin Ɗayyabu

Ku kife wayoyin nan tukuna. Kai Nafi'u, har da kai, ina ganin hasken ta cikin rigarka. Tunda wasan gini ya hana ku sakat, ku matso ku ji abin da ya sami Ɗayyabu tela. Wanda bai gama cin tuwo ba ya ajiye kwanon, don labarin nan ba ya tafiya da loma.

Shagon Ɗayyabu yana layin da ke bayan mayanka. Kun san wurin. Jini, kashin shanu, ƙudaje masu koren baya. Wani babban lambatu ya biyo ta ƙarƙashin shagunan, an rufe shi da kankare, amma wari ba ya jin kankare. A dama da shi akwai Sadisu mai cajin waya, a hagu Bashari mai aski. Da an ɗauke wuta sai su ukun su hau benci ɗaya, kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Kun fi kowa sanin yadda ake yi. Mutum ɗaya ne mai gida, duniyar a wayarsa take. Shi zai buɗe ta, ya kunna hotsifot, sauran su kama su faɗo ciki a matsayin baƙi. Kowa sunansa na rataye a saman kansa. Ba sai da data ba, amma dole ka zauna kusa, don sabis ɗin ba ya nisa. In mai gida ya rufe, kowa ya fita, ko da yana tsakiyar ɗora bulo.

To, Ɗayyabu ne mai gida. Kuma gari suka gina, ba wasa ba. Ganuwa, kasuwa, gada a kan kogi, da wani gida mai koren rufi da ya ce na mahaifiyarsa ne, tunda a zahiri haya suke yi. Yana son garin nan kamar ransa. Ɗinkin mutane ya kwana a kan keke, shi yana can yana shuka itatuwa.

Wata ranar Laraba, gab da magariba, suna tsakiyar aikin gada, cikinsa ya murɗa. In ya tafi da wayar a rufe, aiki ya tsaya. Sai ya ɗauki buta a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ya nufi makewayin da ke bayan shagon, wanda bakinsa ke zuba cikin lambatun nan.

Tir! Ko addu'ar shiga bai yi ba. Ko da wace ƙafa ya shiga bai sani ba, idonsa na kan waya. Ya tsuguna yana ɗora bulo. Ƙazami kawai. Wurin da mutanen kirki ke shiga su fito baki a rufe, shi nan ya mayar majalisa.

Wayar Bashari ta saki sabis. Ya ɗaga murya ta bayan bango.

"Ɗayyabu! Ta fitar da ni. Mece ce lambar sirrin ma?"

"Kai kullum mantuwa! Bari in cire ta gaba ɗaya."

Ya cire. Sannan ya yi dariya, a wannan wuri, a wannan lokaci, ya ce da ƙarfi:

"Na buɗe ƙofa! Garina ne, kowa ya shigo, kowa ya ci ya sha!"

Ƙudajen da ke kuka a kansa suka yi tsit. Ya lura, amma bai damu ba.

Washegari suna ciki su uku, sai ga mutum na huɗu tsaye a kan gada. Ba ya motsi. Babu suna a saman kansa.

Bashari ya ce, "Wane ne wannan?"

Sadisu ya leƙa waje. Layin ba kowa, sai wani kare yana lasar ƙasa. Ya dawo ya zauna a hankali.

"Ɗayyabu, sabis ɗinka ba ya wuce bangon nan. Duk wanda ya shigo, yana nan kusa da mu."

"Wataƙila yaran mahauta ne."

"Sun tashi tun la'asar."

Ɗayyabu ya matsa da ɗan mutumin da ke wakiltarsa a cikin wasan kusa da baƙon. Kun san komai na duniyar nan mai kusurwa huɗu ne. Kai, hannu, rana, har tunkiya. Shi ma baƙon haka yake daga sama. Amma da ya duba ƙasa, ƙafafun ba na wasan ba ne. Kofato ne, a tsage, mai lanƙwasa, da gashi a jiƙe. Inda ya taka, bulon sai ya yi baƙi.

Baƙon ya juya. Tafiyarsa tana fita ta lasifikar waya, caɓal, caɓal, kamar mai tafiya cikin laka. Ya je wurin akwatin da su ukun ke ajiye kayansu tare, ya buɗe, ya rufe, ya koma gefe ya tsaya.

Ɗayyabu ya buɗe akwatin. Cike yake da nama.

Bashari ya ce, "Kada ka taɓa."

Sadisu ya ce, "Kore shi. Kai ne mai gida."

Ya nemi inda zai danna ya kore shi. Babu suna, to wa za ka kora? Sai ya yi tsaki. Ɗan mutumin nasa kuma yunwa ta kusa kashe shi, ga nama a banza. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya ɗauka ya ba shi ya ci.

Nan take bakinsa na gaske ya cika da yawu. Ɗanɗanon mushe. Irin naman da ya kumbura a rana har ya fara tafiya da kansa. Ya ruga bakin ƙofa ya yi ta kakari, ba abin da ya fito. Ya kuskure baki da ruwa, ya tauna citta, ya goga gawayi. Abin yana nan a bayan harshensa.

Daga ranar abinci ya gagare shi. Innarsa ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya kai loma baki, ya ji kamar ya ɗebo daga lambatu. Fura ta zama ruwan wankin tumbi. Ko ruwan randa sai ya toshe hanci yake haɗiya. In ya yi magana mutane su kau da kai. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, ta sa gyale a hanci, ta ce a bar shi sai wani lokaci.

Amma ga abin ƙyamar. In ya buɗe wasan, ya ba ɗan mutumin nasa naman akwati, sai ya ji cikinsa ya ɗan lafa. Don haka ya ci gaba da ci. Yana ci yana yamutsa fuska, yana ramewa, wuyansa ya zama kamar na zakara.

Sadisu da Bashari suka daina shiga. Sadisu ya same shi a shago, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda wari.

"Goge duniyar nan, Ɗayyabu."

"In goge garina? Da farcena na gina shi."

"Ka dubi madubi kuwa?"

"Zai gaji ya tafi."

"Baƙo yana fita in mai gida ya rufe. Wannan ka taɓa buɗewa ba ka tarar da shi ba?"

Gaskiya ne. Kullum Ɗayyabu ya buɗe, baƙon na ciki, kuma ya yi aiki a bayansa. Kogin ya zama kore, ya yi kauri. Kasuwa ta cika da ƙasusuwa. Baƙin sawun nan ya zagaye ganuwa, ya bi layi-layi, kullum yana ƙara matsowa gidan mai koren rufi.

Ranar da Inna ta zauna a gabansa da kofin koko tana kuka, tana cewa, "Ɗan nan, ko cokali ɗaya, don Allah," kuma ya kasa, ranar ya san ya kai bango. Kunya ta kama shi, da tsoron mutuwa.

Ya tafi shago shi kaɗai, rana na faɗuwa. Maƙwabtan sun tafi masallaci. Ya zauna kan keken ɗinki ya buɗe wasan, zai goge.

Wurin gogewa babu. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Sai ya ga abin da wayar ta rubuta: yana shiga duniyar wani. Wayarsa ce a hannunsa, amma shi ne baƙo.

Ya faɗo a ƙofar gidan mai koren rufi. Mai kofaton na zaune a ciki.

Sai murya ta zo. Ba daga waya ba. Daga ƙarƙashin ƙafarsa, ta tsagar kankare. Murya mai ruwa-ruwa, kamar mai magana baki cike da abinci.

"Ka zo. Ci."

Gashin jikinsa ya miƙe. Ƙudaje suka fara fitowa ta tsagar, ɗaya bayan ɗaya, ba kuka.

"Ba na ci."

"Kai ka ce kowa ya ci ya sha. A ɗakina ka faɗa."

"Na janye."

"Ka ci nawa. Wanda ya ci na gida, ɗan gida ne."

Ya so ya yi karatu, amma bakinsa ya yi ƙazantar da shi kansa ya ji nauyin ɗora ayar Allah a kai. Da ƙyar ya fizgo a'uziyya. Muryar ta ja baya kaɗan, kamar an taka wutsiyar abu. Sannan ta dawo, a ƙasa-ƙasa.

"To zaɓi. Garin, ko cikinka."

Ya ɗaga kan ɗan mutumin nasa ya dubi garin. Ganuwar da suka yi damina guda suna ɗorawa. Gadar da ba su ƙarasa ba. Tagar da ya buɗe wa Inna ta fuskanci kogi. Wallahi sai da ya yi jinkiri, shashasha, mutuwa na shaƙe da shi yana kallon bulo. Hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Na bar maka."

"Da ƙarfi. Yadda ka gayyato ni."

"Na bar maka! Naka ne!"

Sai amai ya zo. Baƙi ƙirin, mai kauri, da gashi-gashi a ciki. Ya yi ta zuba har ya durƙusa. Ya ga abin yana bin ƙasa da kansa, yana gangarawa cikin tsagar. Wayar ta yi zafi, ta yi santsi a hannunsa kamar ɗanyar hanta. Ya tura ta ta tsagar, ta bi bayan aman. Bai ji ƙarar faɗuwarta cikin ruwa ba. Ya dai ji an cafe.

Da rarrafe ya fita. Sadisu da Bashari suka tsince shi a bakin layi suka kai shi gida. Inna ta ɗumama kokon nan, ta ba shi a baki da cokali kamar jariri. Ya haɗiye. Ya ce, "Inna, akwai sukari a ciki." Ta fashe da kuka.

Ya rayu. Ya tashi daga layin, ya koma ɗinki a cikin kasuwa. Nama dai har yau ba ya iya kallonsa, ko ranar layya fita yake ya bar gidan.

Amma garin yana nan. In ka bi ta bayan mayanka da magariba ka buɗe wasan, zai fito maka cikin duniyoyin da ke kusa. Garin Ɗayyabu, ƙofa a buɗe, ba lambar sirri. Bashari ya taɓa dannawa sau ɗaya, don taurin kai. Ya ce ya ga ɗan mutumin Ɗayyabu a ciki, sunansa a saman kansa, yana jidar ƙasusuwa zuwa gidan mai koren rufi, ba ya hutawa. Da ɗan mutumin ya ji an shigo sai ya tsaya, ya juyo, ya nufi akwati.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi layin nan shi kaɗai da waya a kunne. Duniyar da ba ku ga mai ita da idonku ba, kada ku shiga. Kai kuma Nafi'u, ɗazu da ka ɗauki buta, na ga abin da ke ɗaya hannun naka.