Dokar da Alhaji Yekini Ya Kafa

Ranar da Sumayya ta fara ganin Lukuman, duka ne kawai ba ta kai masa ba.

Ita ce daraktar Zauren Tsauni, wata ƙungiya a unguwar Daɗin Kowa ta Jos da ba don riba aka kafa ta ba, inda yaran Birom da Hausawa da Yarbawa da Ibo suke koyon kiɗa da rawar juna. An yi odar katako don gyara dandamali, sai ga wani dogon saurayi ya sauke mata ɗanyen itace jiƙe sharkaf, wasu har sun fara lanƙwashewa.

Ta tsaya a kansa ta wanke shi tas. Ta tambaye shi ko so yake ƙafafun 'ya'yan mutane su karye, ta ce ya kwashe tarkacensa ya je ya gaya wa ogansa ba a yi wa Zauren Tsauni haka. Shi kuwa sai kallonta yake yi, murmushi na neman ƙwace masa, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan.

"Zan gaya masa," ya ce. "Babana ne. Alhaji Yekini."

Alhaji Yekini shi ne ciyaman na kwamitin amintattun Zauren, wato ogan Sumayya ita kanta. Da wata ce, da ta kama kame-kame. Sumayya cewa ta yi to abin ma ya zo da sauƙi, sai ya gaya masa a gida.

Washegari Lukuman ya dawo da busasshen katako, ya kafa dandamalin da hannunsa. Daga nan ƙusoshin Zauren suka shiga uku, kullum sai ya gano wadda ta fita, ya zo da hamarsa. Yara suka gane, masu koyarwa suka gane, Sumayya ce kawai ke cewa mutumin yana da son aiki. Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Oga ta, ƙusoshi sun ƙare, ba ni da sauran dalilin zuwa. Ki taimaka ki ba ni wani."

Ta karanta, ta mayar masa:

"Mai katako, ka zo ba dalili. Amma kar ka zo da ɗanyen zance."

Haka soyayya ta kama su, mai daɗi, mai yawan gardama. Yakan kai ta Vom su sha nono mai sanyi, tana ba shi labarin yaran da iyayensu a da ko gaisawa ba sa yi, yanzu ga su suna rawa a layi ɗaya. Ya san Zauren nan shi ne ranta.

Sai dai akwai wata doka. Kafin Alhaji Yekini, an yi wani ciyaman da ya cika Zauren da 'ya'yansa da surukansa, har ganguna suka riƙa ɓacewa, iyaye suka janye yaransu. Alhaji Yekini ne ya tsaya kai da fata aka kori mutumin, aka kafa dokar cewa darakta ba zai zama ɗan'uwa ko surukin kowa a cikin amintattu ba. Ba taron da za a yi bai yi alfahari da ita ba. Abu ɗaya ne ya fi ta daraja a wurinsa: a bikin shekara-shekara, ciyaman ne ke fara dukan babbar ganga, kafin nan ba wanda zai ɗaga ƙafa. Har agbada ta musamman, babbar rigar Yarbawa, yake ɗinkawa don wannan duka ɗaya.

Da Lukuman ya same shi a rumfarsa ta kasuwar Katako da maganar aure, Alhaji ya yi tsalle ya dire. Ba maganar ƙabila ba ce, shi da aka haifa a Jos, Hausarsa ta fi Yarbancinsa. Cewa ya yi 'yan mata sun cika gari, ga Busayo 'yar amininsa nan tana jira, amma yaron nan ya rasa wadda zai ɗauka sai daraktarsa. In aka yi auren, ko ita ta bar aiki, ko shi ya sauka.

Nan Lukuman ya tafka wautar da ta kusa raba shi da ita. Don ya kwantar da hankalin uban, sai ya ce ai ba komai, Sumayya za ta ajiye aiki da zarar an ɗaura. Bai tambaye ta ba. Ko a mafarki ba su taɓa yin wannan magana ba.

Alhaji ya kai zancen kunnen Mista Hyginus, ɗaya daga cikin amintattu, wanda ya daɗe yana neman inda zai cusa 'yar ƙanwarsa Precious. A zaman kwamiti na gaba, Sumayya na tsaka da bayanin shirin bikin shekara, Hyginus ya katse ta da fara'a, ya taya ta murnar aure, ya ce tunda za ta tafi, ya kamata a fara duba wanda zai gaje ta.

"Ina zan tafi?" ta tambaya.

Amintattu suka juya wajen Ciyaman. Alhaji ya ce ai Lukuman ya riga ya faɗa masa komai.

Ta tattara takardunta, ta fita. Ko bakin titi ba ta kai ba ta tura saƙo:

"Lukuman, kai da babanka kun zauna a Katako kun sayar da aikina kamar falanki. Shekarun da na yi ina bin gidajen mutane ina roƙon su bar yaransu su zo, kai ne za ka ajiye min su? Kar ka ƙara kira na oga, tunda ka mai da ni kayan lefe."

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Ya zo Zauren, ta sa aka ce tana atisaye da yara. Ƙarshe ya rubuto:

"Na yi ƙarya don na ji tsoron rasa ki, kuma ga shi ƙaryar ce za ta sa in rasa ki. Na koma na gaya wa Baba ba ke kika faɗa ba, kuma ba zan auri macen da aka tsige daga aikinta saboda ni ba. Ya kore ni daga rumfa. Ba roƙo nake ba, Summy. Ina so ki sani ne kawai."

Ta karanta ta yi kuka, kukan haushi, don har yanzu tana son ɗan banzan nan. Ba ta amsa ba sai bayan kwanaki, shi ma kalma biyu: "Na gani."

Hyginus da ya ga hanya ɗaya ta toshe, sai ya ɓullo ta wata. A zama na gaba ya ce don girman Ciyaman, me zai hana a soke dokar baki ɗaya, yara su yi aurensu, kowa ya zauna a kujerarsa. Kowa ya san da an soke, washegari Precious za ta shigo, bayanta kuma dangin kowa. Amma Alhaji Yekini ya gyara zama. Wallahi har fuskarsa ta saki, mutumin da ya kafa dokar da bakinsa.

Sumayya ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, kar a taɓa dokar nan saboda ni. Saboda ita iyaye suka dawo mana da yaransu. Ba zan zauna a ce surukina ne ke riƙe da ni ba, kuma ba zan ajiye aikina ba. Tun da aka fara maganar nan ana ta neman yadda ni zan tafi, ko doka ta tafi. Ba wanda ya tambaya ko akwai wani da zai iya tafiya."

Alhaji ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. Ya tambaye ta ko korar sa take yi daga gidan da ya gina da guminsa. Ya juya wajen Mama Ladi, tsohuwar malamar rawa da ta fi kowa daɗewa a kwamitin, yana neman ta tsawata wa yarinyar. Mama Ladi ta dube shi a natse, ta ce ta taɓa jin wannan magana ta "gidan da na gina" daga bakin ciyaman ɗin da shi Alhaji ya kora.

Ya ɗauki hularsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

A gida, mahaifiyar Sumayya ta yi mata faɗa kamar za ta ari baki, ta ce wace yarinya ce ke gaya wa uban miji haka tun ba a kawo goro ba. Sumayya ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Ta san ta faɗi gaskiya, ta kuma san mai yiwuwa ta rasa Lukuman ke nan. Shi kuwa kullum yana Zauren yana gyaran benci, ba ta kore shi ba, ba ta kuma yi masa dariya ba.

Ranar bikin shekara fili ya cika maƙil. Alhaji Yekini ya iso cikin sabuwar agbada, fuska a murtuke, bai kalli kowa ba. Ya hau dandamali, aka miƙa masa sandar kiɗa, yara suka jeru suna jiran duka. Ya ɗaga hannu, ya tsaya, har mutane suka fara kallon juna.

Sai ya sauke sandar, ya taka har gaban Mama Ladi ya danƙa mata.

"Ni na kafa doka, ba za ta mutu a hannuna ba," ya ce a makirufo. "Daga yau na sauka, kwamiti ya zaɓi wanda yake so. Gobe ina da aiki. Zan je nema wa ɗana auren wata yarinya marar kunya."

Mama Ladi ta doki ganga, fili ya ɗauka. Sumayya na bayan labule, hawaye sun wanke mata fuska. Lukuman ya matso a hankali ya ce, "Oga ta?" Ta share ido ta ce masa ya bari sai ta gama aiki.

An ɗaura aure bayan damina, aka yi walima a filin Zauren, yaran suka yi rawar Birom da ta Yarbawa da ta Hausawa har ƙafafunsu suka gaji. Hyginus ya zo ya ci shinkafa, Precious ta kawo kyauta.

Da Sumayya ta durƙusa gaban Alhaji Yekini, a kan benci ta same shi cikin iyayen yara, yana ƙorafin cewa daga nan ba a ganin dandamali sosai. Ta ce, "Baba, ka yafe min."

Ya dafa kanta.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Amma Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu baki irin naki, ki ji yadda na ji. Ki riƙe min Zauren nan, 'yata."

Duk wanda ke kan bencin ya ce amin.