Furannin Gonar Kaka

A unguwar Kwamba, cikin garin Suleja, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da iyayenta a wani ɗan gida na haya. A bayan ɗakin girki akwai ɗan fili, bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ummanta ta kewaye shi da guntayen bulo.

A damunar bara Umma ta dasa wasu tsirrai a wurin. Sun yi ganye kore shar. Da rani ya shigo sai ganyen ya bushe, ya kakkaɓe. Babu abin da ya rage sai ƙasa.

Kullum yarinyar ta wuce sai ta taɓe baki. "Shukar Umma dai ta mutu," take cewa a ranta.

Wata ranar Juma'a ta biya gidan ƙawarta Nnenna. A ƙofar ɗakinsu an jera furanni cikin tukwane, ja da ruwan hoda. A bakin titin Abuja aka sayo su.

"Kai, sun yi kyau!" in ji yarinyar. "Ki ɗan sam mini mana."

Nnenna ta tambayi mamarta, sannan ta yanko mata rassa biyar.

Washegari Umma ta tafi suna Madalla. Baba kuma ya fita aiki tun da safe. Yarinyar ta ɗauko fartanya. So take kafin Umma ta dawo ta tarar da filin ya yi kyau.

Ta fara sara. Can sai fartanya ta ci karo da wasu abubuwa masu kama da albasa. Ɓawonsu ya bushe, duk ƙasa ta manne musu. Ta ƙara tona, ta ciro wasu saiwoyi masu kauri.

"Ashe ruɓaɓɓiyar albasa ce ta cika wurin," ta ce.

Ta tattara su duka cikin buhu. Da mai kwasar shara ya zo da baronsa, ta miƙa masa. Ta dasa rassan Nnenna, ta ba su ruwa, ta share wurin tsaf.

Da la'asar Umma ta dawo. Yarinyar ta tare ta da gudu.

"Umma, zo ki ga abin da na yi miki!"

Umma ta biyo ta tana murmushi. Da ta ga filin, murmushin ya ɓace. Ta durƙusa, ta sa hannu cikin ƙasa tana lalube.

"Ina abubuwan da ke cikin ƙasar nan?"

"Na zubar, Umma. Ai sun mutu."

"Ina kika zubar?"

"Mai shara ya tafi da su."

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan bulo, ko mayafinta ba ta cire ba.

"Ba su mutu ba," ta ce a hankali. "Barci suke yi. Haka furannin daji suke. Da rani su ɓuya cikin ƙasa, ruwan farko na sauka su fito."

Yarinyar ta durƙusa kusa da ita.

"Daga gonar kakanki ta Iku na tono su," in ji Umma. "Akwai albasar kwaɗi mai farin fure. Akwai wani ja, mai kama da ƙwallo, ko sunansa ban sani ba. Ina ƙarama, a gindinsu muke zama mu ci abinci in an tashi daga noma. Bayan rasuwar kakanki aka sayar da gonar. Ana gobe za a fara gini na je na ciro su. Bana nake sa ran su yi furen farko a gidan nan."

"Mu koma gonar mu tono wasu mana."

"Wace gona? Yanzu ɗakunan haya ne a wurin. An zuba siminti ko'ina."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta fita da gudu zuwa bola. Ta tarar an riga an cinna wa sharar wuta.

Da Baba ya dawo ya ji labari, sai ya kira ta.

"Na san alheri kika nufa," ya ce. "Amma filin naki ne?"

"A'a, Baba."

"Kin tambaya kafin ki tona?"

"A'a."

"To, kin gani."

Rassan Nnenna ba su jure zafin bazara ba. Cikin mako guda suka yi yaushi, suka bushe.

Bayan sati biyu aka yi ruwan farko. Da safe yarinyar ta leƙa ta taga. Ta hango Umma tsaye a bayan ɗakin girki, tana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu abin da ya tsiro. Umma ta juya ta shiga hura wuta. Ranar yarinyar ta kasa shan kokonta.

A makaranta ma ba ta da walwala. Malama Mojisola, mai koya musu aikin gona, ta lura da ita. Da aka fita hutun tara ta kira ta.

"Me ya same ki kwana biyu? Ko ba ki da lafiya ne?"

Yarinyar ta kwashe labarin duka ta gaya mata.

"Kin yi kuskure," in ji Malama. "Waɗanda kika zubar ba za su dawo ba. Amma irinsu bai ƙare a duniya ba tukuna. Bari mu tambaya."

Da aka koma aji, Malama ta zana albasar kwaɗi a allo. "Wa ya taɓa ganin wannan?"

Fiddausi, wadda take zuwa daga Chaza, ta ɗaga hannu. "Anti, akwai su a bakin rafi, kusa da gonar babana."

Ranar Asabar Baba ya ɗauki yarinyar a babur suka tafi Chaza. Mahaifin Fiddausi, Malam Siddiq, ya kai su bakin rafin. Ga tsirran nan sun fito, dogayen ganye suna sheƙi.

Yarinyar ta riƙe fartanya, amma ba ta sara ba.

"Baba, ka yarda in tona?" ta tambayi Malam Siddiq.

"Ki ɗauki uku," ya ce. "Ki bar sauran su yi 'ya'ya. Ki tona daga nesa, kada ki yanke saiwa. Kuma ba a ci, ki wanke hannu in kin gama."

Ta tona a hankali. Suka nemi jan furen har rana ta take, ba su same shi ba. Malam Siddiq ya ce ya fi shekara biyar rabon da ya gan shi.

Da suka isa gida, ta ajiye buhun a gaban Umma, ta durƙusa.

"Umma, ki yafe mini. Uku kawai na samo. Jan kuma babu."

Umma ta buɗe buhun. Ta shafa ganyen, idonta ya ciko da ƙwalla. Sannan ta jawo 'yarta jikinta.

"Na yafe miki. Tashi mu dasa tare."

A shekarar ganye kawai suka yi. Da rani ya zo suka sake bushewa. Wannan karon yarinyar ta kafa ƙananan sanduna a wurin, don kada wani ya taka.

Da damuna ta zagayo, wata safiya ta ga dogon kara ya fito daga tsakiyar ganye. Bayan kwana huɗu furanni suka buɗe, farare masu ratsin ja. Ƙamshinsu ya cika tsakar gida.

"Umma! Umma! Sun buɗe!"

Umma ta fito da ludayi a hannu. Ta sunkuya ta shinshina, ta yi dariya.

"Ƙamshin gonarmu ke nan," ta ce.

Har yau ba su sami jan furen ba, kuma yarinyar takan tuna da shi. Amma ta koyi darasi: abin da ba naka ba, kuma ba ka san shi ba, kada ka taɓa sai ka tambaya, ko da alheri kake nufi.