Sunan Jannatu a Ƙarƙashin Kujera

Kai ma ka wuce ta wurin ran nan. Ka ga gawar wani da takalminsa a bakin hanyar Tsohon Birnin Gwari, ka ce Allah ya kyauta, ka ƙara wuta.

Insfekta Japheth ne ya tsaya. Gawar Sadisu ɗan acaba ce, harbi ɗaya a ƙirji, sabon mashin ɗinsa kuma 'yan daji sun tafi da shi.

A gidan makoki, matarsa Juwairiyya ta yi magana ta bayan labule.

"Yallaɓai, ko cikin mashin dubu zan gane shi. Ranar sunan 'yarmu, Yaya Abdulfattah ya rubuta Jannatu a ƙarfen ƙarƙashin kujera."

Abdulfattah wanta ne, shi kaɗai ke da injin leza a garin, mai haske siriri kamar allura da ke ƙona rubutu a jikin ƙarfe. Yana zaune a tabarma yana karɓar gaisuwa, idonsa jawur.

Bayan kwana tara aka kama wani mashin a kasuwar Saminaka. Japheth ya shafa lambar injin. An goge ta asali, an sa sabuwa, sumul, ba alamar guduma, sai ka ce aikin leza.

Ya nufi shagon Abdulfattah.

"Malam, yaushe rabonka da aiki?"

"Tun Sallah injin ya lalace, Yallaɓai."

"To ƙaurin ƙarfen nan fa? Na gidan maƙwabta ne?"

Japheth ya juye bokitin tarkace a ƙasa. Ya san halin masu wannan sana'a: ba sa taɓa kayan mutum sai sun gwada ƙarfin hasken a guntun ƙarfe. Ga guntun nan, da lambar mashin ɗin Saminaka, an gwada sau uku. Akwai wasu lambobin har goma.

Aka tafi da Abdulfattah ofis, aka kawo Juwairiyya goye da jaririyarta. Japheth ya ɗaga kujerar mashin. An fara kankare sunan, an bari. Haruffa huɗu sun rage.

Ta kalli haruffan, ta juya wajen wanta.

"Yaya, kai ne fa ka yi mata huɗuba."

Abdulfattah ya durƙusa.

"Ban san nasa ba ne sai da na ɗaga kujerar. Wallahi na fara gogewa, hannuna ya ƙi. Shekara guda ke nan ana kawo mini mashinan sata, ina canza lamba. Na san mai kawowa, na san gidansa. Na ce ni dai ban kashe kowa ba."

"Da ka faɗa tun mashin na farko," in ji Japheth, "da yarinyar nan ta san ubanta."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Juwai, ki yafe mini."

Ta gyara goyonta, ba ta ɗago ba.

Mashin goma sun rage, kuma ba a daji ake hawansu ba. Kai da ka sayi naka da arha, ba takarda, ba tambaya: tashi yanzu ka ɗaga kujerar, ka shafa lambar injin. Abin da ka gani, ka kai wa 'yan sanda yau.