Umarnin da ba ya cikin littafi

Ana gab da magariba Injiniya ya shigo gida da wani tsohon akwatin ajiya, irin wanda kwamfutocin ofis ke zuba takardunsu a ciki ta waya. Auta ta tarye shi a ƙofa kamar kullum, ta karɓi jakarsa tana tsokanarsa wai ya fi son ƙarfe da mutane. Ita kaɗai ya haifa, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar wannan tarya.

Akwatin ya shekara bakwai a kulle cikin sito, yanzu masu shi suna so a goge duk abin da ke cikinsa. In aka bi hanyar da littafin na'urar ya faɗa, sai ta tambaye ka sau biyu ko ka tabbata. Injiniya kuwa, mai son a ce ya iya, yana da wasu kalmomin umarni uku da wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya ƙera ta ya raɗa masa. Ba su cikin littafi, kuma ba sa tambaya. Da ya kunna akwatin ya haɗa shi da kwamfutarsa, ya ga wani sashe a cike maƙil, ba suna, bai ko leƙa ba. Matarsa na cewa ya bari a yi salla, ya buga kalmomin, ko bisimilla babu.

Kafin a idar da salla dutse ya faɗo kan rufi, wani ya biyo shi. Aka leƙa, ba kowa. Ya zare wayar akwatin, amma fitilarsa ba ta mutu ba. Sai suka ji Auta a ɗaki tana kiran wasu sunaye da muryar tsohuwa.

Kwana shida ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Da rana ta karkata sai jifa ya tashi. Injiniya ya rame.

Ran na bakwai aka kawo Malam. Ya daɗe yana karatu a kanta, sannan ya tambayi mai maganar ko wace ce. Muryar ta ce ita da 'ya'yanta huɗu sun sami wuri shiru a cikin akwatin nan da mutane suka manta, suka zauna, ba su taɓa kowa ba. Ta fita ɗibar ruwa, ta dawo ta tarar ba gida, ba 'ya'ya.

"Ka dawo min da su," in ji ta, idon Auta na kan uban.

Injiniya, wanda kullum yake yi wa mutane faɗa su ajiye kwafin takardunsu kafin su goge, bai ajiye ba. Ya sunkuyar da kai ya ce abin da wannan umarnin ya goge ba ya dawowa.

Malam ya yi mata nasiha, ya yi tayin sadaka, ta ƙi. Ya tsananta karatu har ta yi ƙara ta ce za ta fita, amma ba hannu wofi ba, sai da wani abu na uban. Malam ya ɗaga hannu zai tambaye ta mene ne, Injiniya ya riga shi.

"Ɗauki ko mene ne nawa, ki sakar min yarinya."

"Har yanzu ba ka tambaya," ta ce.

Auta ta yi atishawa sau uku, fitilar akwatin ta mutu. Malam ya tattara littattafansa, ya ce irin wannan bai taɓa gani a rubuce ba.

Yarinya ta farka lafiya lau. Ta gane uwarta, ta gane ɗakinta, har ta tuna aikin makarantar da ba ta gama ba. Injiniya ya matso da kofin ruwa, hawaye na zuba masa. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta matsa kusa da uwarta ta yi ƙasa da murya.

"Mama, baƙon nan zai jira Baba ne? Ki ce masa ni ban taɓa ganin Babana ba."