Waƙar da Masta Bai Ji Ba

Na rantse ba za ku yarda ba, amma mutum talatin ne shaida.

Ranar da Shaƙiyyi ya je gaishe da iyayen budurwarsa Auta, har ƙasa ya durƙusa a falo. Sau uku yana cewa "Baba, ina wuni," mahaifinta bai ɗago daga takardun waƙarsa ba. Auta ta raka shi ƙofa tana roƙonsa ya yi haƙuri, akwai abin da ba za ta iya faɗa ba tukuna.

"Na san dalili ai, don na bar makaranta a aji huɗu ne!" in ji shi. "To ki sani, wanda ya taɓa kulle firinsifal a ofis ba ya tsoron mai sanda 'yar siririya."

Mahaifin nata shi ne Masta, mai koyar da ƙungiyar mawaƙan da su biyun suke ciki. Shekara ashirin yana kaɗa sandar nan, ba a taɓa masa wargi ba.

Ranar firaktis ɗin waƙa Auta ta makara, ga shi an ɗauke wuta, ba kiɗa. Shaƙiyyi ya bi layi-layi yana raɗa: idan Masta ya ɗaga sanda kowa ya motsa baki kawai, kada a fitar da murya, a ga yadda tsoho zai zabura. Masu babbar murya suka yarda nan take, matan ma suka biye masa suna ƙunshe dariya.

Masta ya ɗaga sanda. Bakuna talatin suka buɗe, ɗaki tsit.

Bai zabura ba. Ya ci gaba da kaɗawa, idonsa a kan leɓunansu, yana nuna wa mata su sassauta, yana yi wa maza alamar su ƙara. Aka gama baiti na farko, aka shiga na biyu. Dariyar ta mutu. Ba wanda ya iya tsayawa, ba wanda ya iya fara rerawa. Shaƙiyyi na jin ƙarar takalmin Masta a kan siminti, bakinsa na motsi kamar ba nasa ba.

"Yauwa," in ji Masta. "Yau kam kun yi ƙoƙari."

A nan Auta ta shigo. Ta dubi mawaƙan, ta dubi mahaifinta, jakarta ta faɗi. Fuskarta kawai Masta ya kalla ya gane. Ya ajiye sandar a hankali, ya ce shekara biyu ke nan kunnensa ya tafi, bakinsu da numfashinsu yake karantawa, 'yarsa kaɗai ta sani. Sannan ya tambayi wanda ya shirya. Ba a nuna kowa ba, idanu ne dai suka juya.

Shaƙiyyi bai ji kunya ba, bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Ya dai taka gaba.

"Kalle ni idan za ka yi magana," in ji Masta. "Daga gobe a nan za ka tsaya, kusa da ni. Kai ne kunnena. Duk wanda ya kauce ka taɓa kafaɗata. In ka yi shekara ba ka yi mini ƙarya ba, ka turo manyanka."

Auta ba ta dubi Shaƙiyyi ba. A bakin ƙofa ne ta ce masa wanda aka roƙa ya yi haƙuri ya ƙi, wata rana sai ya yi ninkinsa, kuma a tsaye.

Washegari tun kafin a buɗe ɗakin Shaƙiyyi yana nan.